Sabon fistin ya cije a YZ125 da sanyin safiya: laifin awo ne ko na kafireta?

Matashin Gangare, Jos

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin babur mai bugu biyu, musamman irin na tsere, domin kanikawan da na tuntuɓa a gari kowa da irin maganar da yake faɗa mini, kuma ba na so in sake kashe kuɗi a kan abin da ban gane musabbabinsa ba.

Babur ɗina Yamaha YZ125 ne mai sanyaya inji da ruwa. Na hannu na saye shi, kuma ba na hawa titi da shi, a bayan mota muke ɗaukarsa zuwa tsofaffin filayen haƙar kuza da ke wajen Bukuru, inda ni da abokaina muke atisaye a ƙarshen mako. Wanda ya riƙe shi kafin ni ya riga ya sa an dasa masa silif, wato bututun da fistin ke kai-komo a cikinsa, na baƙin ƙarfe a cikin silinda, saboda rufin da ya zo da shi daga kamfani ya ɓare. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, har kik ya yi laushi a ƙafa, sai na yi odar sabon fistin daga waje, ba na kamfanin babur ɗin ba, irin na ƙira wanda ake bugawa da matsi, mai ɗan girma fiye da tsohon, tare da ringinsa da fin da kilif. Na kai silindar wurin wani mai injin borin, ya faɗaɗa ta, ya kuma tabbatar mini cewa ya yi ta cif-cif yadda fistin ba zai yi ko motsi ba a ciki.

Bayan an haɗa, na yi ɗan yawo da shi a hankali da yamma, ban ji wani abin damuwa ba. Ranar da abin ya faru kuwa da sassafe ne, ana tsakiyar hunturu, sanyi har yana sa yatsu ƙagewa a cikin safar hannu. Na tayar da shi, na ɗan ba shi wuta a tsaye, na shiga miƙaƙƙen fili na buɗe totur gaba ɗaya, kafin in kai ƙarshen filin sai tayar baya ta ƙulle, Allah Ya taimake ni yatsana yana kan kuloci na matse shi nan take. Da injin ya huce kik ya sake juyawa, amma ban tayar ba, na kawo shi gida na buɗe, na tarar fistin ya goge a jikin silinda.

Man da nake sha fetur ne na gidan mai, ina gauraya shi da man 2T mai kyau, wato man injin mai bugu biyu, a kan 32 da 1, kashi 32 na fetur da kashi 1 na mai, kuma ban taɓa kafireta ba tun lokacin damina da aka daidaita mini ita. Wani ya ce fistin ɗin jabu ne, wani ya ce man 2T ya yi kaɗan, wani kuma ya ce in mayar da na kamfani in huta. Abin da nake son sani shi ne: mene ne ainihin abin da ya jawo, shin silindar za ta gyaru, kuma yaya ake ɗaura fistin irin wannan ba tare da ya sake cijewa ba?

Tsohon Bakanike, Dilimi

Wa alaikumus salam, ɗana. Da farko ina taya ka murna da Allah Ya tsare, kuma kada ka daina ajiye yatsa a kan kuloci, domin wannan ɗabi'a ita ce ta hana ka faɗuwa. Na fara wannan sana'a tun lokacin da Suzuki AX100 da Yamaha DT suka cika garin nan, kafin Bajaj mai bugu huɗu ya zo ya kore su, kuma abin da ke ba ni takaici yanzu shi ne yaran da ke tasowa a gareji da yawansu ba su taɓa buɗe inji mai bugu biyu ba, shi ya sa kake jin amsoshi barkatai.

Kada ka jefar da fistin nan, kuma kada ka goge shi da komai, domin a jikinsa ne amsar tambayarka take. Ka riƙe shi a wurin da ke da haske, kibiyar da ke kansa tana kallonka, ka duba inda ya goge.

Idan gogewar ta fito a wurare huɗu, biyu a gaba biyu a baya, kowace a gefen ramin fin, tsakiyar gaba da tsakiyar baya kuma babu abin da ya same su, to fistin ya kumbura ne ya cika silinda. Dalilin da ya sa yake kamawa a waɗannan wurare huɗu shi ne nan ne naman fistin ya fi kauri, saboda ginshiƙan da ke riƙe fin, kuma inda ƙarfe ya fi kauri nan ya fi buɗewa idan ya sha zafi. Abu biyu ke kawo wannan, ko dai tazarar da aka bari tsakanin fistin da silinda ta yi kaɗan, ko kuma an buɗe wa inji wuta alhali silinda ba ta ɗumama ba, sau da yawa ma duka biyun ne suke haɗuwa.

Idan kuwa gogewar tana ɓangaren salansa ne kawai, daga bakin kan fistin ta gangaro, ringi ya maƙale a raminsa ta wannan gefen, kan fistin ya yi fari ko toka-toka a bushe, to zafi ne ya yi yawa saboda iska ta rinjayi fetur a cikin gaurayen da ke shiga. A nan za a tuhumi kafireta, ko wata kafa da inji ke zuƙar iska ta ɓoye. Idan ta ɓangaren kafireta ya goge, siket ɗin, wato jikin fistin da ke ƙasa da ringi, ya yi dishi-dishi da siraran layuka a tsaye, wannan aikin ƙura ne da ta wuce soson tace iska, ko ƙarancin mai, kuma a wannan lokaci na hunturu ba abin mamaki ba ne. Akwai kuma na huɗu, wanda za ka ga gefen kan fistin ya yi ƙananan ramuka ya zaizaye, haka ma cikin top, wato murfin saman silinda, wannan fetur ne yake fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali, kuma yana zuwa ne daga man da bai da ƙarfi, ko wanda aka surka da kananzir, ko matsin da ya yi yawa, ko wutar fulogi da ke zuwa da wuri.

Ka kuma juya shi ka leƙa ƙarƙashin kan, ta ciki. Idan akwai baƙin tabo na ƙonannen mai a wurin, fistin ya daɗe yana shan zafi fiye da kima. Idan wurin tas yake, zafin na farat ɗaya ne. Ka faɗa mana abin da ka gani, da launin fulogi, da kuma ko ruwan lagireto ya ragu. Maganar jabu kuwa ka ajiye ta tukuna, domin na ga fistin na asali masu tsada sun cije a hannun wanda bai auna ba, na kuma ga masu araha sun yi aiki lafiya a hannun wanda ya auna.

Matashin Gangare, Jos

Na gode, Baba, Allah Ya ƙara girma. Na duba kamar yadda ka ce. Gogewar a wurare huɗu take, kowace faɗinta bai wuce na ɗan yatsa ba, tana sheƙi, alminiyon ya narke ya ja layi daga ƙarƙashin ringi zuwa kusan ƙarshen siket, kuma biyun da ke ɓangaren salansa sun fi na baya muni. Ringi yana motsi a raminsa, bai maƙale ba. Kan fistin yana da ɗan launin ƙasa-ƙasa, babu rami ko zaizaya, ƙarƙashinsa kuma tas yake. Fulogi ya fi yadda na saba ganinsa haske, amma bai yi fari fat ba. Ruwa bai ragu ba. A cikin silinda akwai alminiyon da ya manne a daidai waɗannan wurare huɗu, na sa farce na ji tudu ne, ba rami ba. Na kuma koma na duba kwalin da fistin ya zo a ciki, na ga ashe akwai lambar tazara da aka buga a jikinsa, mai borin kuwa bai nemi ganin kwalin ba, da baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa, ya auna fistin.

Mai Awo, Apo, Abuja

Assalamu alaikum. Baba ya riga ya gano cutar, ni kuma zan yi magana a kan awo, tunda shi ne aikina.

Ƙanena, baniya ba ta isa wannan aiki ba. Tazarar da ake magana a kanta ba ta kai kaurin gashin kai guda ɗaya ba, domin a injin tsere mai faɗin milimita 54 irin naka ana neman abin da ke tsakanin milimita 0.04 da 0.07 ne, gwargwadon irin fistin da irin silinda, kuma kuskuren baniya kaɗai ya isa ya cinye rabin wannan. Ana auna fistin da maikuromita, ana auna silinda da ma'auni mai agogo da ake zurawa ciki, kuma dole su biyun su kwana a ɗaki ɗaya su zama zafinsu ɗaya kafin a auna, ba a ɗauko silinda da ɗuminta daga kan inji a gwada ta da fistin mai sanyi. Sannan fistin ba a miƙe yake ba kamar yadda ido ke gani. Samansa ya fi ƙasansa tsukewa, saboda saman ne ke fuskantar wuta, kuma ba da'ira ce cikakkiya ba, ta wajen ramin fin ya fi siranta. Saboda haka wuri ɗaya ake aunawa, a ƙasan siket, gaba da baya, a tsayin da kamfanin da ya yi shi ya ambata. Silinda kuma a auna ta sama da tsakiya da ƙasa, gaba da baya sannan gefe da gefe, domin a san ko ta miƙe.

Ga lissafin da zai nuna maka dalilin da ya sa abin ya faru. Alminiyon irin na fistin mai faɗin milimita 54, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 100, yana buɗewa da kimanin milimita 0.11. Baƙin ƙarfe mai wannan faɗin, a wannan zafin, kimanin 0.06 kawai yake buɗewa. Ka ga bambancin da ke tsakaninsu ya kai girman tazarar gaba ɗaya. Gaskiya ne silif da aka dasa a cikin alminiyon yana ɗan bin gidansa idan gidan ya yi zafi, amma da sanyin safiyar Jos, ruwa mai sanyi yana zagaya gidan, baburan tsere irin wannan kuma yawancinsu ba su da abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, to fistin ya sha wuta cikin daƙiƙu kaɗan ya buɗe, silinda tana nan a tsuke.

Silindar da babur ɗinka ya zo da ita ta alminiyon ce mai siririn rufi mai tauri na nikel da silikon kabaid, irin fasahar da kamfanin Mahle na Jamus ya fito da ita a 1967 da sunan Nikasil. Amfaninta shi ne fistin da silinda kusan ƙarfe ɗaya ne, suna buɗewa tare, zafi kuma yana fita da sauri. Irin wannan ba a yi mata borin, sai dai a sake rufin, shi ya sa kamfanoni irin su Vertex da ProX suke fitar da fistinsu da haruffa A, B, C, kowane ya ɗara na bayansa da milimita 0.01, domin a zaɓi wanda ya dace da yadda rufin ya ci. Tunda aka dasa silif, lissafin littafin babur ya daina aiki shi kaɗai, dole a ƙara tazara.

Sai kuma bambancin na zubi da na ƙira. Na zubi, wanda shi ne irin da yawancin kamfanonin babura suke sawa, silikon ɗinsa ya fi yawa, ba ya buɗewa sosai, ana iya matse shi, amma idan ya tsufa tsagewa yake yi ya farfashe. Na ƙira, irin wanda Wiseco na Amurka da Wössner na Jamus suka shahara da shi, ya fi juriya ga duka, ba ya saurin farfashewa, amma ya fi buɗewa da zafi, don haka ya fi son tazara da haƙurin ɗumamawa. Kai ka haɗa abu uku a wuri ɗaya, fistin na ƙira da silif na ƙarfe da borin da aka yi a matse. A nawa aikin, haɗin fistin na ƙira da silif a wannan faɗin ba na barinsa ƙasa da 0.06, kuma idan lambar da ke kan kwali ta fi haka, ita nake bi.

Silindarka za ta gyaru in Allah Ya so, tunda tudu ka ji ba rami ba. Alminiyon da ya manne ana cire shi da asid irin wanda masu aikin tayil suke wanke siminti da shi, a ɗiga da auduga a kan tabon kawai, a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau, a kiyaye kada ya gangara cikin ƙofofi ya taɓa alminiyon na gidan, domin cinye shi zai yi. Idan ya gama tafasa a wanke da ruwan kanwa, a shafa mai nan take saboda tsatsa. Daga nan a sayi sabon fistin tukuna, a auna shi, sannan a goge silinda da dutse har ta kai tazararsa. Fistin ne ake fara samu, a yi masa silinda, ba a yin silinda sannan a je neman fistin.

Abu uku kuma da masu borin da suka saba da injin mota suke mantawa, saboda silindar mota ba ta da ƙofofi a jikinta. Bakin kowace ƙofa, musamman ta hayaƙi, dole a kashe masa kaifi sama da ƙasa bayan borin, in ba haka ba zai riƙa yankar ringi. Bawul ɗin da ke bakin ƙofar hayaƙi, wanda Yamaha ke kira YPVS, dole a duba shi, domin idan silinda ta faɗaɗa shi bai ja baya ba, ringi zai iya taɓa shi. Idan kuma ƙofar hayaƙin tana da ginshiƙi a tsakiya, to shi ne wurin da ya fi ko'ina zafi, yana kumburowa ciki, saboda haka ana ɗan rage shi da kamar milimita 0.05 zuwa 0.1, a kuma huda ƙananan ramuka biyu na milimita 1.5 zuwa 2 a siket ɗin fistin daidai inda yake bin ginshiƙin, ƙasa da ringi, domin mai ya riƙa isa wurin, idan fistin bai zo da su ba.

Ɗan Tseren Gwagwalada

Sallama ga kowa. Ban musa abin da Baba da Oga Mai Awo suka faɗa ba, amma ina ganin kada a wanke kafireta da wuri haka. Ɗan'uwa ya ce tabon ɓangaren salansa ya fi muni, fulogi ya fi haske, kuma tun damina ba a taɓa jet ba, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi a cikin kafireta. Waɗannan uku ba a banza suka haɗu ba.

Kafireta ba ta san nauyin iska ba, yawanta kawai take bi. Iska mai sanyi kuma busasshiya ta fi mai ɗumi da laima nauyi, wato ta fi ta iskar da wuta ke ci. Tsakanin yammacin da zafi ya kai digiri 28 da safiyar hunturun Jos da yakan sauka kusa da digiri 11, nauyin iska yana ƙaruwa da kimanin kashi 6 cikin 100, fetur ɗin da jet ke bayarwa kuma bai ƙaru daidai da haka ba. Injin da aka daidaita shi cif a watan Agusta zai iya zama mai ƙishin fetur a watan Janairu, kuma a inji mai bugu biyu fetur ba ƙonewa kaɗai yake yi ba, shi ne ke sanyaya fistin, shi ne kuma ke ɗauko mai ya kai masa. Ko da an gyara tazara, ni zan ƙara girman babban jet da mataki ɗaya ko biyu kafin a sake tayarwa, tunda silif ma ya fi riƙe zafi, daga baya a rage idan fulogi ya nuna ya yi yawa. Fulogin da ya jiƙe kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da fistin.

Haka kuma ku mutanen Jos ku lura idan za ku kawo baburanku nan ƙasa. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, tsakiyar Abuja kuwa tsakanin 400 da 500 take, matsin iska a can kusan milibar 880 ne, a nan kusan 960. Zafinmu yana rage wani abu daga wannan bambanci, amma ba ya share shi, don haka babur da ke tafiya daidai a Bukuru yana bukatar ƙarin fetur a Gwagwalada.

Game da wanda ya ce man 2T ya yi kaɗan, 32 da 1 ba kaɗan ba ne, wato mililita 156 a lita 5, kuma bai yi nisa da 30 da 1 da Yamaha ke ba da shawara ba. Wanda ya ƙara mai da yawa yana zaton kariya ce, ya sani cewa man yana cin gurbin fetur a cikin jet, sai gaurayen ya ƙara ƙishi, saboda haka a tsaya a kan awo ɗaya a daidaita kafireta a kansa. A nemi mai alamar JASO FD ko FC a jikin gora, a guji na injin jirgin ruwa mai alamar TC-W3, domin an yi shi ne don injin da ba ya kai wannan zafi da wannan juyi. Fetur kuma a saya a gidan mai mai yawan ciniki, kada a kusanci na 'yan bumburutu, tunda injin nan mai ƙarfin oktan 95 yake so, famfunanmu kuwa ba a rubuta lambar a jikinsu.

Kafin a ɗora laifi a kan jet ma, a gwada ko injin yana zuƙar iska. A toshe bakin salansa da na kafireta, a hura iska da famfon hannu har awo 6 na psi, kada a wuce, a jira minti biyar. Idan allura ta sauka, a shafa ruwan sabulu a sil na kiransha ta wajen magneto, da robar kafireta, da gasket na gindin silinda, inda kumfa ta taso nan ne ɓarnar take.

Tsohon Bakanike, Dilimi

Ɗan Gwagwalada ya yi gaskiya a kan jet da gwajin iska, kuma ina goyon bayan a yi su. Sai dai ina nan a kan cewa ba su ne suka kama wannan fistin ba, domin da ƙishin fetur ne tushen abin, da ringi ya maƙale ta gaba, da kuma bayan fistin bai goge ba. Sanyin ya ƙara wa wutar ƙarfi, amma ƙarancin tazara ne ya kama.

Inda na ɗan saɓa da Mai Awo shi ne zaɓin fistin. Shi ya nuna yadda za a zauna lafiya da na ƙira, kuma daidai ne. Ni kuwa, ga yaron da ke hawa a ƙarshen mako a garin da safiyarsa ke da sanyi, injinsa kuma ba a ƙara masa matsi ba, na zubi mai kyau nake ba shi shawara, a riƙa canza shi a kan lokaci kafin ya gaji. Na ƙira na wanda ya ƙara wa inji wuta ne, ko mai tsere na gaske da ba ya sauke totur.

Ko wanne ka saya, ɗana, ga abin da za ka tsaya a kai da idonka ranar haɗawa. A wanke silinda da ruwan zafi da sabulu, ba da fetur kaɗai ba, har farin ƙyalle mai ɗan mai ya fito ba tare da baƙi ba, domin garin dutsen da aka goge ta da shi yana maƙalewa a jiki. A sa ringi shi kaɗai a cikin silinda, a tura shi da kan fistin ya zauna daidai, a auna bakinsa da fila geji, wato siraran fallayen ƙarfe na auna tazara. Mafi ƙaranci shi ne milimita 0.1 ga kowane milimita 25 na faɗin silinda, kuma idan takardar ringin ko littafin babur ya ba da fiye da haka, shi za a bi, in ya yi kaɗan a rage bakin da ƙaramin fayil. Kibiya ta kalli salansa, bakin ringi ya zauna a kan ɗan ƙusar da ke cikin raminsa, kuma kada a murɗa silinda yayin zura ta, don kada bakin ringi ya faɗa ƙofa. Kilif sabo, boris na fin sabo, bakin kilif ya kalli sama ko ƙasa, ba gefe ba, kuma a toshe bakin kiransha da tsumma kafin a sa shi. Bayan an ɗaure top, a zura wayar dalma irin ta masu gyaran rediyo ta ramin fulogi har ta taɓa bango a saitin fin, a juya inji da hannu ya matse ta, a auna kaurinta, wanda shi ne tazarar da ke tsakanin kan fistin da top. A 125 ana son abin da ke kusa da milimita 1, domin fistin da ba na kamfani ba wani lokaci tsayinsa yakan ɗan bambanta.

Tayarwar farko a bar shi ya yi zafi a tsaye ana ɗan taɓa totur, a kashe, ya huce sarai, a maimaita, a sake duba ɗaurin notocin top. Tankin farko a yi shi da sauƙi ana canza giya, ba a riƙe wuta wuri ɗaya ba. Daga nan har kullum, kada ka buɗe totur sai ka dafa lagireto da jikin silinda ka ji zafin da ba ka iya barin hannu a kai, sannan ka yi zagaye ɗaya a hankali. Idan kana gangara mai tsawo, irin ta Hawan Kibo ga masu bin titi, kada ka rufe totur ka bar giya tana jan inji, domin a injin da ake gauraya wa mai a tanki, rufe totur rufe mai ne, sai ka riƙa matse kuloci kana ɗan ba shi wuta.

Matashin Gangare, Jos

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na sami wani mai maikuromita da ma'auni mai agogo, mun auna inda fistin bai goge ba da inda silinda take da tsabta, tazarar ta fito 0.03, alhali kwalin ya ce 0.06. Gwajin iska kuma ya nuna ƙaramar kumfa a robar kafireta, zan canza ta. Na yanke shawarar bin maganar Baba in sayi na zubi. Oga Mai Awo, tambayata ita ce, tunda silindar a matse take, zan iya sayen mai girman wanda ya cije, ko sai na ƙara girma?

Mai Awo, Apo, Abuja

Kada ka yi oda tukuna, ƙanena. Ka fara cire alminiyon ɗin, a ɗan bi silindar da dutse sama-sama, a sake aunawa a wurare shidan nan. Idan layukan sun ɓace kuma faɗin bai wuce girman sabon fistin da tazararsa ba, mai wannan girman ya isa, ka tsira da naman silif ɗinka don gaba. Ka tambayi mai sayarwa ainihin awon siket da maikuromita, domin lambar girma ɗaya a kamfani biyu ba lallai ta zama awo ɗaya ba, na zubi kuma yakan ɗan fi na ƙira cika tunda tazararsa ƙarama ce. A silif ka nemi ƙarshen sama na tazarar da kamfanin ya bayar, ba ƙarshen ƙasa ba. Idan kuwa akwai layin da farce ke kamawa bayan an goge, sai a tafi girma na gaba, a sake kashe kaifin ƙofofi, a sake duba bawul ɗin hayaƙi. Ka turo lambobin shida idan ka auna, tare da awon fistin da aka ba ka, mu lissafa tare kafin dutse ya sake taɓa ta.